Idan Angarib Ya Kwana Yana Kuka

Duk wanda ya tashi a garuruwanmu na bakin Shuɗin Nilu, daga Mai Wurno zuwa Sinja, ya san angarib ba ya rufa asiri. Gadon igiya ne mai ƙafafun katako, in zafi ya yi kowa ya jawo nasa tsakar gida. Mai kwance a kai ko juyi ɗaya ya yi sai igiya ta yi ƙara. Shi ya sa uwa a nan ba sai ta haska fitila ba kafin ta san ɗanta idonsa biyu. Kunnenta ya ishe ta.

Wata ƙanwata ce ta kawo mini ƙarar ɗanta mai shekara 16, bayan ya dawo daga yankan riɗi. Ta ce, "Yaya, yaron nan ba ya runtsawa. Kwana yake yana shure-shure kamar mai tuƙa keke, ya kwanta ya tashi, ya zagaya ya dawo. Da rana kuma sai hamma da majina da gumi." An yi masa rubutu ya sha, an yi hayaƙi. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce firgicin yaƙi ne bai sake shi ba. Ranar wanki ta sa hannu a aljihun jallabiyarsa ta ciro katin ƙwaya wanda aka ɓare duka. Ba ta iya karanta rubutun jiki ba, amma ta gane lambar: 225.

Da na zaunar da shi bai yi musu ba. Ya ce, "Kawu, kowa a gonar yana sha. In ba ka sha ba, ba za ka kai yamma ba."

Wanda bai taɓa yankan riɗi ba zai ɗauka hujjar banza ce. Riɗi ba ya jira. Da ya nuna, in aka yi sake kwana kaɗan, sai kwanson ya tsage iri ya zube ƙasa. Saboda haka a manyan gonakin damina irin na Dali da Mazmum, aikin na gaggawa ne: a duƙe ake wuni da lauje, wani lokaci a haɗa da farin wata, kuma gwargwadon abin da ka yanka gwargwadon abin da za a biya ka. Yaro mai ƙuruciya a tsakiyar ƙarti ba ya so a ce shi ne rago. Haka direban raksha da ke son ya kai dare, haka mai dako a kasuwa, haka ɗalibin da ke son ya raba dare yana karatun jarrabawar shahada. Da yawansu ba maye ya kai su ga wannan ƙwaya ta tiramol ba, ƙarfi suka je aro.

Tiramol kuwa magani ne na gaske. A Jamus aka haɗa shi a 1962, ya shiga kasuwa a 1977, don rage zafin ciwo bayan tiyata ko karaya da makamantansu. Kafson asibiti miligiram 50 ne, kuma babban mutum ma ba a yarda ya wuce 400 a wuni ba. Wanda ke yawo a bayan fage ana buga shi 200, 225, har 250 a ƙwaya guda. Ka ga ke nan yaron da ya haɗiyi biyu masu lamba 225 da shayin safe ya riga ya haura iyakar da aka sa wa ubansa.

Abin da ya sa yake ruɗin mutane shi ne hannu biyu gare shi. Hannu ɗaya irin na danginsa ne, su mofin da kodin, masu kashe zafi su sa jiki ya yi lis. Ɗaya hannun kuma yana ƙara yawan wasu sinadarai na ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ya ji garau, ido a bushe. Shi ya sa mutum ɗaya zai ce maka tiramol na sa shi barci, wani ya rantse yana hana shi, kuma duk gaskiya suka faɗa. Wannan hannu na biyu shi ne kuma ke jawo jijjiga irin ta farfaɗiya idan aka zarce, ko ga wanda babu farfaɗiya a danginsa. A kan raksha ko a bakin kogi, faɗuwa ɗaya ta isa.

Shi barcin matashi dama da nasa hali. Masana barci sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10 a kowane dare. Amma da balaga ta zo, sinadarin da ke kiran barci, melatonin, yakan jinkirta fitowa, wani lokaci da kusan awa biyu. Yaron da a da ake ɗauke shi daga tabarma bayan isha, yanzu sha ɗaya ta yi yana zazzare ido, ba don taurin kai ba. Asuba kuwa ba ta matsa masa ba, gona ma haka. Ƙara masa jabana, wato gahawa mai citta, da shayin dare a wurin masu shayi, ƙara masa waya a hannu, sai ka ga yana tafe da bashin barci tun kafin ƙwaya ta shigo.

Idan ta shigo, ɓarnarta a ɓoye take. Barci ba shimfiɗa ɗaya ba ne, hawa-hawa ne da ke zagayowa kusan kowane minti 90. Akwai mai sauƙi, wanda motsi kaɗan ke farkar da mutum. Akwai mai nauyi, wanda a cikinsa jiki ke gyara gajiya, kuma a nan ne sinadarin girma ya fi fita, abin da yaro mai tasowa ya fi kowa buƙata. Akwai kuma na mafarki, wanda ke taimaka wa ƙwaƙwalwa ta adana karatu ta kuma huce daga ɓacin ran wuni. Dangin kodin da tiramol suna rage mai nauyin da na mafarkin, su bar mutum yana iyo a sama-sama. Sai ya kwanta awa tara ya tashi kamar wanda aka daka. Mene ne maganin wannan gajiyar a wurinsa? Wata ƙwayar. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Mafi haɗari shi ne numfashi. Can a gindin ƙwaƙwalwa akwai wurin da ke ba huhu umarnin ya ja iska ko mutum na barci. Waɗannan magunguna suna sa wurin nan kasala. Mai kwana kusa da irin wannan yaro zai ji minshari mai kakari, sai shiru na ɗan lokaci kamar an ɗauke wuta, sai ya fizgo numfashi da ƙarfi. Idan aka haɗa da ƙwayar barci irin su diyazafam, ko giya, shirun na iya zarcewa. Kuma jikin mutane ba ɗaya ba ne. Hanta ce ke juya kodin ya koma mofin, ta juya tiramol ya koma abin da ya fi shi ƙarfi, kuma akwai waɗanda gado ya sa hantarsu ke yin wannan aiki da sauri fiye da kima. An samu irinsu da yawa a wannan yanki namu na duniya. Wani bincike a maƙwabciyarmu Habasha ya same su kusan uku cikin kowane goma. Abin da abokinka ya sha ya tashi lafiya, kai yana iya kwantar da kai. Ganin irin haka ne hukumar kula da magunguna ta Amurka, a watan Afrilun 2017, ta hana ba yaro ɗan ƙasa da shekara 12 kodin ko tiramol, ta kuma yi kashedi a kan 'yan 12 zuwa 18 masu ƙiba ko ciwon huhu ko ɗaukewar numfashi a barci.

To ɗan ƙanwata fa, me ya hana shi barci alhali ya bar gona? Rashin ƙwayar ne. Kuɗin riɗi sun ƙare, jiki kuma ya saba. Hamma, majina, hawaye, gumi, ciwon gaɓoɓi, gudawa, da wannan tsiyar ta ƙafafu da ba sa iya zama wuri ɗaya, duk alamomin jikin da aka yanke wa abin da ya saba ne. Ciwon jikin yakan lafa cikin mako guda ko ɗan fiye, amma rashin barci kan ja makonni. A wannan gaɓar ce da yawa ke komawa ruwa. Yaro ya yi niyya tsakani da Allah, ya daure kwana biyar, dare na shida ya ce bari ya sha rabi kawai ya samu ya runtsa.

Hanyar kuma ba ɗaya ba ce. Kamar yadda ƙwaya ke kai mutum ga rashin barci, haka rashin barci ke kai shi ga ƙwaya, kuma a nan ne nake ganin ya kamata mu mutanen Sannar mu fi tsayawa. Yaron da ke da shekara 16 a yau, me idonsa bai gani ba? A watan Yulin 2022 rikicin Rusairis da Damazin ya koro dubban Hausawa, da yawa suka fake a jihar nan. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum, makarantu suka rufe, har Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce yara kusan miliyan 19 ba sa zuwa aji. A Disamba Madani ta faɗi. A ƙarshen Yunin 2024 dakarun Da'amus Sari', ɗaya daga ɓangarorin yaƙin, suka shiga Sinja kanta, ba a fitar da su ba sai 23 ga Nuwamba. Wanda ya yi watanni yana kwana da takalmi a ƙafa, yana bambance ƙarar babur da ta mota a cikin duhu, ba ranar da aka ce an samu lafiya jikinsa ke yarda ba. Ga shi babu makaranta da za ta tsara masa wuni, rana ta zama dare, dare ya zama rana. Mai gajiya kuwa zafin ciwo ya fi damunsa, haƙurinsa ya fi gajarta, a'a ta fi yi masa wuyar faɗa. Ko a Amurka, inda babu ƙarar bindiga irin tamu, binciken ɗaliban sakandare na 2019 ya nuna kusan ɗaya cikin bakwai ya taɓa shan irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba, kuma abin ya fi yawa a cikin masu ƙarancin barci.

'Yan'uwanmu na yamma sun riga mu ɗanɗana wannan. Bayan fim ɗin binciken da BBC ta fitar a kan kodin a ƙarshen Afrilun 2018, wanda ya nuna halin da matasan Kano ke ciki, gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. A shekarar ce Indiya ta tsaurara doka a kan tiramol. Ƙididdigar da aka fitar a farkon 2019 ta ce mutum miliyan 4.6 a Najeriya ke shan irin waɗannan magunguna ba da izinin likita ba. Aka toshe nan, ta ɓulle can: a Fabrairun 2025 wani binciken BBC ya bankaɗo ana shigo da wata sabuwar haɗaka, tafentadol da wani maganin sakin jijiya, daga Indiya zuwa Afirka ta Yamma. An sayar da kare an sayi biri. Dokar tana da amfani, ba na musu, amma ba ta taɓa sa yaro ko ɗaya barci ba.

Wani kuskuren da suka yi, wanda nake roƙon kada mu maimaita, shi ne mari. A Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa, iyayensu ne suka kai su da sunan gyara. Sarƙa tana hana ƙafa zuwa kasuwa, ba ta gyara abin da ya lalace a ka.

Abin da ke aiki ba shi da armashi, haƙuri yake ci. Wanda ya daɗe yana shan mai yawa, kada a yanke masa dare ɗaya a gida; likita ko ma'aikacin lafiya ya tsara masa ragewa sannu a hankali. Kada uwa ta je saidaliyya, wato kantin magani, ta sayo masa ƙwayar barci don tausayi, domin haɗin nan shi ne mai kisa. A tsayar masa da lokacin tashi guda ɗaya, ko ya yi barci ko bai yi ba, ya fita ya ga hasken safe, ya yi aikin da zai gajiyar da jiki. Jabana da shayi su tsaya daga la'asar. Ƙailula ta zama gajeriya. Waya ta kwana wurin mahaifiya. In ya yi ta juyi barci bai zo ba, gara ya tashi ya zauna a duhu-duhu, ko ya yi alwala ya ɗan yi tilawa, da ya kwanta yana kokawa da gado. In kuma mafarkin yaƙi ne ke firgita shi, a samu babba mai sanyin baki da zai saurare shi ba tare da "ai kai namiji ne" ba.

Idan aka tarar da yaro ba ya tasuwa, numfashi ya yi ƙasa, leɓe ya sauya launi, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, ba lokacin ɗura masa madara ko ruwan tsamiya ba ne, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a ɗaga haɓarsa, a nufi asibiti, a tafi da katin ƙwayar a hannu. Akwai allurar da ake kira naloksan mai farfaɗo da numfashi in an kai shi da wuri.

Ɗan ƙanwata sai da ya kwashe kusan wata biyu kafin darensa ya daidaita. A tsakani ya koma sau ɗaya, uban ya ɗauko bulala, uwar ta tare ƙofa. Ni dai abin da aka ɗora mini shi ne in riƙa biyo masa da asuba mu tafi masallaci, daga nan mu gangara lambun ayaba mu yi ban ruwa kafin rana ta ɗaga. Wata safiya na zo na yi sallama, sai ƙanwata ta fito da sauri da yatsa a baki.

"Yaya, yi a hankali. Tun sha ɗaya ban ji gadon ba. Sau biyu ina tashi in sa hannu a hancinsa."