Yadda Ake Tsare Tukunyar Nukiliya

Da an ce nukiliya, sai jama'a su tuna da bam. Amma akwai tashoshin lantarki masu aiki da ita, kuma yawancinsu irin da ake kira tukunyar matsattsen ruwa ne. Tashar Koeberg ta Afirka ta Kudu tana aiki tun 1984, Masar kuwa ta fara gina tata a 2022.

Makamashin shi ne yuraniyam, irin wanda ake haƙowa a Arlit ta ƙasar Nijar. Ana cura shi ƙanana kamar kan ɗan yatsa, a jera cikin bututai, a nutsar a ruwa cikin ƙatuwar tukunyar ƙarfe. Zafin ruwan ya wuce digiri 300, amma ba ya tafasa, domin an matse shi ƙwarai. Wannan ruwa ba ya fita waje. Ta jikin bututu yake ɗumama wani ruwa dabam, shi kuma ya zama tururi ya juya injin.

Kashe tukunyar ba wuya. Akwai sanduna da maganaɗisun lantarki ke riƙe da su a sama. Wuta na ɗaukewa sai su faɗo da kansu, aikin ya tsaya cikin daƙiƙu kaɗan.

To, ga inda gizo ke saƙa. Kowace mai girki ta san ko an janye itace, garwashi na nan da zafinsa. Haka yuraniyam yake, dole a yi ta sanyaya shi kwana da kwanaki. A 1979, a tashar Three Mile Island ta Amurka, ruwa ya zurare har kusan rabin makamashin ya narke, amma tukunyar da ginin kankaren da ya rufe ta suka tare mafi yawan gubar. A Fukushima ta Japan, mai wata irin tukunya dabam, ambaliyar teku ta kashe janareto a 2011, famfo suka tsaya.

Shi ya sa sabon samfurin AP1000 bai dogara ga famfo kaɗai ba, kuma a ganinmu nan ne aka yi hikima. An ɗora tanki a saman ginin, ruwa ya gangaro da kansa ya sanyaya shi har kwana uku, ko babu wuta, ko ba wanda ya taɓa komai. Ɗaya ya fara aiki a jihar Jojiya ta Amurka a 2023. Sai dai tsada: tukwane biyu na wannan tasha sun ci fiye da dala biliyan 30.