Kalmar "Baƙo" a Muhawarar Shige da Fice: Matsalar Ma'ana da Fassara

Manufar wannan maƙala ita ce duba nauyin da aka ɗora wa kalmar "baƙo" a duk lokacin da ake muhawara da Hausa a kan shige da fice. Ingilishi, wanda da shi ake rubuta dokokin Nijeriya da Gana, ya ware kalma ga wanda ya zo ziyara, da wanda ba a sani ba, da kuma wanda ba ɗan ƙasa ba. Hausa kuwa ta tara su duka a kalma guda.

A al'adar Bahaushe, baƙunci dangantaka ce tsakanin mutum da mai masaukinsa, ba matsayi ba ne na doka. Shi ya sa ake cewa "baƙonka annabinka", wato yana da haƙƙin girmamawa. Amma kuma ana cewa "baƙo raɓa, ɗan gari kaba", ma'ana zamansa na ɗan lokaci ne. Wannan ma'ana ta biyu ita ce ke yin ɓarna idan kalmar ta shiga bakin hukuma, domin tana sa mai sauraro ya ɗauka cewa duk wanda aka kira baƙo yana da gidan da zai koma.

A watan Nuwamba na 1969, gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardun zama mako biyu su bar Gana. Cikin waɗanda abin ya shafa har da Hausawa da Yarbawa mazauna zango, waɗanda aka haifa a Kumasi da Ankara, ba su taɓa taka Nijeriya ba. A 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan kora, wadda ta fi shafar 'yan Gana.

Misalin da ya fi fito da matsalar fili shi ne na Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno. A 1980 aka tasa ƙeyarsa zuwa Chadi bisa da'awar cewa shi baƙo ne, duk da ƙuri'un da jama'arsa suka kaɗa masa. Babbar Kotun Maiduguri ta soke korar.

"Ɗan gudun hijira" ya fi sa'a, domin kalmar "hijira" tana tuna wa Musulmi mafakar da Sahabbai suka samu a Habasha da Madina, don haka takan jawo tausayi tun kafin a fara jayayya. Ya kamata masu fassara su bar "baƙo" ga mai ziyara, su riƙa cewa "wanda ba ɗan ƙasa ba" a maganar doka, ko da ya fi tsawo.