2.3 Asalin Dokin Arewa da Siffofinsa

Dokin da ake gani a unguwannin kudancin Kogin Kaduna, kamar Kakuri da Barnawa da Makera, ana kilisa da shi ko ana rakiyar ango, shi ne wanda mahaya ke kira ɗan Arewa. Ko da yake sunan yana nuna kamar tsatsonsa ɗaya ne, masana kiwon dabbobi sun bayyana cewa ruwa biyu ne, wato barbarar yanyawa tsakanin dokin Barbar na Afirka ta Arewa da dokin Dongola na ƙasar Sudan.

Shi dokin Barbar fataken Sahara ne suka riƙa kawo shi. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ambata a littafinsa na 1526 cewa Sarkin Barno kan sayi doki guda daga waɗannan fatake a kan bayi 15 ko 20. Wannan tsada kaɗai ta isa ta nuna dalilin da ya sa sarakuna suka ga gara su samu ingarma mai kyau ya haye goɗiyoyin gida, maimakon su dogara da saye. Tun kafin wannan lokaci, littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, yana aika wa Kwararrafa dawaki, su kuma su aiko masa da bayi. Ke nan a zamaninsa doki ya wadata a Kano har ana fitar da shi. Shi kuwa dokin Dongola ta gabas ya shigo, ya ratso Darfur da Wadai zuwa Barno, sannan ƙasar Hausa.

Idan aka dubi jikin ɗan Arewa, za a ga kowane ɓangare ya bar masa gado. Daga Dongola ya ɗauko dogayen ƙafafu da hanci mai ɗan doro, da farin goshi da fararen ƙafafu da ake yawan gani. Daga Barbar ya gaji ƙarfin kofato, da gangararren kuturi, da jimirin tafiya cikin rana da ƙishirwa. Wannan jimiri shi ne babban abin da ya ɗaukaka shi, domin harawa da dusa da ɗan dawa da kanwa sun ishe shi, ga shi yana ɗaukar sirdi da jalala da mahayi mai manyan riguna tun hantsi har la'asar. Aibinsa shi ne ƙuncin ƙirji, kuma a wajen zafin gudu bai kai dawakin Ajantina da 'yan wasan folo na Kaduna ke shigowa da su ba. Sai dai su waɗannan baƙin ba sa jure wahalar da yake jurewa. Hausawa kuma sun fi rarrabe shi ta launi, kamar akawal da kili da bidi da hurde da danda, ba ta asalin iyayensa ba.

Abu guda da duk iyayen biyu ba su gadar masa ba shi ne juriyar sammore, cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa. Da zarar an nausa kudu da Kaduna, inda kurmi da rafuka suka yawaita, wannan ƙuda na ƙaruwa. Shi ya sa a da mutanen yankin da na tsaunukan Jos suka fi riƙe ƙuru, ɗan gajeren dokin da ya fi daurewa. Har ila yau, wannan na cikin dalilan da suka sa masu dawaki a Kaduna suka fi sayo su daga arewa, daga kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari, a kan su kafa garken goɗiyoyi a nan. Dubban dawakin da suka yi hawan daba a Kaduna a 1956 domin Sarauniyar Ingila, da na bikin FESTAC a 1977, daga masarautu aka kawo su, aka kuma mayar da su bayan an tashi.