Hasbiya Ba Tattabarar da Ta Gudu Ba Ce

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tashar da ke kusa da Fagge da Sabon Gari ta zama wurin sauke hatsi da lodin gyaɗa, kuma duk inda ƙwaya ke zuba tsuntsu ba ya nisa. Biyu daga cikin masu sauka a rufin gine-ginen wannan yanki, tattabara da hasbiya, mutane na yawan haɗa su wuri ɗaya. Wasu ma cewa suke hasbiya tattabarar gida ce da ta tsere wa mai ita ta koma daji.

Wannan ba gaskiya ba ne. 'Yan uwa ne na kusa, amma kowacce jinsinta daban, kuma tun ƙarni na 18 masana suka rarrabe su: hasbiya a 1758, tattabara a 1789. Hasbiya 'yar asalin Afirka ce, kudu da Sahara, ba a taɓa mai da ita ta gida ba. Ita kuwa tattabara, kakanninta a duwatsun Gabas ta Tsakiya da gaɓar Bahar Rum suke, kuma ɗan Adam ya yi dubban shekaru yana kiwonta. Shi ya sa za ka ga fara, baƙa, ja, da mai roɗi-roɗi a gida ɗaya. Hasbiya kullum shigarta guda ce: kai da ciki toka-toka, baya da fuka-fukai ja-ja-ja da fararen ɗigo-ɗigo, sannan jar fata marar gashi kewaye da ido.

Wannan jar fatar ce ta haifar da jita-jitar da ta fi damuna, wai ciwon ido ne, har yara su riƙa jifarta don kada ta shafa wa kaji. Halittarta ce haka, kowace lafiyayyar hasbiya tana da ita.

Akwai abin da ake faɗa da yake daidai. Dukkansu ƙwai biyu farare suka saba yi, miji da mata na karɓa-karɓar kwanci, kuma su biyun suna ciyar da 'yan shila da wani farin ruwa mai kauri da suke amayowa. Bambancin shi ne ƙwan hasbiya kan ƙyanƙyashe cikin kusan mako biyu, na tattabara sai ya kai kwana 18. Hasbiya na son giginya da lungun rufi, tattabara kuma ta saba da tukunyar da aka rataya mata.

Maganar cewa kashinsu na cutarwa ma tana da tushe: ƙurar busasshen kashi na iya taɓa huhun mai yawan shaƙarta. Masu kiwo da masu sharar rumfuna, don Allah a yayyafa ruwa a kuma rufe hanci kafin a ɗauki tsintsiya.