Ƙafar roba: komawa gona bayan an yanke ƙafa

Ciwon sukari, haɗarin babur, saran maciji ko ɗorin da aka matse ƙwarai, duk suna iya sa likita ya yanke ƙafa. A babban asibitin Yamai akwai sashen da ake ƙera ƙafar roba.

Amma samun ƙafa daban, sabawa da ita daban. Da yawa suna jin zafi ko ƙaiƙayi a ƙafar da babu ita. Wannan ba aikin iskoki ba ne, ba hauka ba ne: ƙwaƙwalwa ce ba ta mance da ita ba tukuna. A faɗa ma likita, kada a ɓoye.

Cikin watannin farko dungu yana ramewa, ƙafar ta yi sako-sako. A koma a gyara ta. Kowane dare a wanke dungun da sabulu, a busar da shi, a duba ko ya yi ƙurji.

Abin da ya fi ci ma mai ƙafar roba rai shi ne tausayin da ya wuce kima. Ƴan uwa, kada ku amshe hauyarsa. Ku kira shi gayya. In huɗa ta yi mashi wuya bana, ya riƙe ƙwaryar iri ya bi masu sara.