Rumbu Ya Cika, Sai Me?

Idan kaka ta yi a Bungudu, mai bin hanyar Gusau zuwa Sakkwato yakan ga dammunan gero da dawa jere a gonakin da aka sami damar nomawa. Maigida ya dubi rumbunsa, ransa ya yi fari. Babu laifi cikin wannan, gama Allah ne ya ba da ruwa, shi ne ya ba da ƙarfi. Amma bari mu tambayi kanmu: har yaushe abin hannunmu zai zauna?

Dattawanmu ba su manta da shekarar 1984 ba. A watan Afrilu gwamnati ta sauya launin takardun naira, ta ba da kwanaki kaɗan a kai tsofaffin banki. Wanda ya binne nasa cikin tukunya, bai kai a kan lokaci ba, ya wayi gari da takarda kawai. Gumin shekaru ya tafi, ba ɓarawo, ba gobara.

Abin da ya fi wannan ciwo ya faru a jiharmu a 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta, talakawa masu neman abin rufin asiri suka riƙa kawo duwatsun zinariya cikin gida suna niƙawa. Ba su sani ba ƙurar tana ɗauke da gubar dalma. Yara fiye da 400 suka mutu. Ba mu ga laifin iyayen nan ba, muna kuka tare da su. Amma wane awon zinariya ne zai mayar wa uwa ɗanta?

A Luka sura 12 Yesu ya ba da misalin wani manomi da gonarsa ta yi albarka ƙwarai. Ya shirya rushe rumbunansa ya gina manya, ya zauna ya huta. A daren nan Allah ya karɓi ransa. Ba noma ne laifinsa ba, ba kuwa tanadi ba. Laifinsa shi ne cikin dukan lissafinsa bai sa Allah ba, bai sa maƙwabci ba, bai kuwa tuna da kabari ba.

To, 'yan'uwa, yaya namu lissafin? Kafin mu kai hatsi kasuwa, mu fitar da baikon Ubangiji. Mu auna wa gwauruwar da ke bayan gidanmu, ko da ba addininmu ɗaya ba. Yaro ya kwana da zazzaɓi, mu sayar da akuya mu kai shi asibiti, kada mu ce sai ta ƙara kuɗi. Kuɗin makaranta ya riga sabon babur. Mai bi bashi ya biya tun yana numfashi. 'Yan'uwan da suka daina gaisawa saboda iyakar gona su shirya yau, domin ƙasar da suke faɗa a kanta ita za ta rufe su duka biyu.

Mu da muke da begen tashin matattu, mutuwa ba ta firgita mu, tana dai koya mana abin da za mu sa gaba. Daren yau, bayan tuwo, maigida da uwargida su zauna su sāke lissafi.