'Yan Daudu a Birnin Kano

'Yan daudu maza ne da suka ɗauki salon mata wajen magana, tafiya da aiki, kuma a Kano aka fi saninsu a ƙasar Hausa. Masana da dama suna danganta sunan da bori. Daudu laƙabi ne na Ɗan Galadima, iskan nan mai son ado da sakin hannu, wanda 'yan daudu kan yi wa rawa da kari idan ya hau dokinsa.

Abincin sayarwa shi ne babbar sana'arsu. A tashoshin mota, bakin kasuwanni da Sabon Gari, su ne ke tuƙa tuwo su soya kaji da ƙwai, aikin da matan kulle ba sa fita su yi. Wasunsu sun zauna a gidajen mata masu zaman kansu suna kawalci, kuma wannan ne ya fi jawo musu baƙin jini.

Gwanintarsu a wurin biki take fitowa. Ɗan daudu kan ɗaura zani, ya kafa ɗankwali, ya shiga fili da rangwaɗa makaɗa na yi masa kirari, ƙawaye na liƙa masa kuɗi. Wajen habaici da karin magana kuwa, ba kowace mace ke iya ja da su ba. Babba a cikinsu uwar ɗaki ce, ƙarami 'yar ɗaki, kuma ta wannan zumunci sabon shiga ke samun masauki da jari. Kuskure ne a yi musu kuɗin goro, domin daudanci daban, neman maza daban, ko da yake wasu sun haɗa biyun. Rudolf Gaudio, Ba'amurken da ya yi bincike a kansu a Kano a shekarun 1990 ya kuma fitar da littafi a 2009, ya tarar da masu mata da 'ya'ya da alhazai a cikinsu.

Malamai sun daɗe suna hani ga namiji ya yi kama da mace. Al'amarin ya shiga hannun hukuma bayan Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau a watan Oktoba na 1999, Kano ta biyo baya a 2000. Aka rufe gidajen mata da yawa, bukukuwan suka koma ɓoye, Hisba ta riƙa kame. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi ɗaya a faɗin Najeriya.